Tambayoyi da Amsoshi Kan Kalmomin Cike Giɓi da Sauran Ɗabi'un Baki a Jawabin Gaban Jama'a

Duk wanda ya saba halartar lacca, ko taron iyaye da malamai, ko walimar saukar Alƙur'ani, ko kuma yake sauraren hirarrakin rediyo, ya taɓa cin karo da mai jawabin da ba ya iya haɗa jimla biyu sai ya sanya "wato" ko "eh" ko "ka gane" a tsakaninsu. Da yawan masu sauraren nan kuma, idan aka miƙa musu abin magana, haka nasu bakin zai yi. An tattara waɗannan tambayoyi ne domin malaman makaranta, masu wa'azi, ɗalibai, 'yan jarida, shugabannin ƙungiyoyi, da duk wanda lalura takan sa ya miƙe tsaye gaban jama'a.

Me ake nufi da kalmomin cike giɓi?

Ana nufin duk wani sauti ko kalma ko guntuwar jimla da mai magana yake jefawa cikin zancensa ba don ta ƙara wa ma'ana komai ba, sai don ta riƙe masa wuri kafin kalma ta gaba ta iso. Mafi sauƙin ganewa su ne sautukan kame-kame irin su "eh" da "am", da kuma jan wasalin ƙarshe, kamar wanda zai ce "daaa" ko "kumaaa" yana laluben abin da zai biyo baya. Sai kuma kalmomi na gaske waɗanda yawan maimaitawa ya cinye musu ma'ana a bakin wani mutum, irin su "wato", "to", "a gaskiya", "shi ke nan", "abin nan" da "da sauransu". Kowace daga cikinsu tana da aikinta na halal. "Wato" tana gabatar da ƙarin bayani, "to" tana nuna an sauya mataki, "da sauransu" kuma tana nuna akwai ragowar jeri da ba a ambata ba. Kalma takan koma cike giɓi ne idan aka furta ta alhali babu bayanin da zai biyo, babu matakin da aka sauya, babu kuma ragowar da mai maganar zai iya kawowa idan aka nemi ya kawo.

Ba Hausa kaɗai ke da su ba. Larabawa suna da "ya'ani", Faransawa suna da "euh", masu jin Turancin Ingilishi suna da "um" da "uh", Japanawa kuma "eto" da "ano".

Me ya sa suke fitowa, har daga bakin wanda ya san abin da yake faɗa?

Saboda magana aiki ne mai nauyi da ake yi cikin gaggawa. Mai magana yakan fitar da kalma biyu zuwa uku a kowace daƙiƙa, yana zaɓo su daga cikin dubban kalmomin da ya sani, yana jera su bisa ƙa'idar nahawu, yana tunanin jimlar da za ta biyo, yana kuma kallon fuskokin jama'a domin ya ga ko suna tare da shi. Duk lokacin da baki ya riga tunani isowa sai a sami giɓi, shi ya sa sautukan nan suka fi yawa a farkon jimla mai tsawo, da kuma gab da suna ko adadi ko kalmar da ba a saba furtawa ba.

Akwai dalili na biyu, wanda ya samo asali daga hirar yau da kullum. A wani bincike da aka wallafa a 2009, masana ƙarƙashin jagorancin Tanya Stivers sun auna hira a harsuna 10 daga nahiyoyi daban-daban, suka tarar cewa tsakanin ƙarshen tambaya da farkon amsa, matsakaicin lokacin da ake ɗauka bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Ma'ana, tun muna yara muka koyi cewa wanda ya yi shiru a tsakiyar hira ya saki layi, wani zai karɓe. "Eh" da "wato" hanya ce ta cewa: ban gama ba, a jira ni. Herbert Clark da Jean Fox Tree, masana biyu a Amurka, sun kafa hujja a 2002 cewa "uh" da "um" na Turanci sanarwa ce ga mai saurare, ta farko tana nuna ɗan jinkiri kaɗan na tafe, ta biyu kuma jinkiri mai ɗan tsawo.

Abin lura shi ne, a kan mumbari ko a gaban aji babu wanda zai karɓe maganar. An riga an ba ka ita, kowa ya zauna domin ya ji ka. Ɗabi'ar kare layi ta biyo ka ne daga majalisar hira zuwa wurin da ba a bukatarta.

Shin yawan su alama ce ta ƙarancin ilimi?

A'a, kuma wannan zato ya zalunci mutane da yawa. A 1991 Stanley Schachter da abokan aikinsa sun sa an zauna a azuzuwan Jami'ar Kolombiya da ke Niyok ana ƙirga "um" da "uh" na malamai yayin da suke koyarwa. Malaman adabi da makamantan fannoni sun fi malaman kimiyya yawan furta su nesa ba kusa ba. Amma da aka yi hira da malaman nan duka a kan batu iri ɗaya, sai bambancin ya ɓace. Bayanin da masu binciken suka kawo shi ne, mai koyar da lissafi ko kimiyyar sinadarai ba shi da zaɓi mai yawa wajen kalmar da zai yi amfani da ita, shi kuwa mai sharhin waƙa yana da hanyoyi da dama na faɗin abu ɗaya, kuma kowane zaɓi yana cin lokaci. Sau da yawa mai kame-kame yana auna kalmarsa ne domin kada ya faɗi abin da ba haka yake ba, alhali wani mai santsin baki yana zuba ne ba tare da ya auna komai ba. Wajibi ne mai saurare ya riƙa tuna wannan, musamman a lokacin siyasa.

Binciken da Heather Bortfeld da abokan aikinta suka wallafa a 2001 ya nuna cewa a hira tsakanin mutum biyu ana samun tuntuɓen baki, haɗe da maimaita kalma da sake fara jimla, kimanin sau 6 a cikin kowace kalma 100. Wannan shi ne halin lafiyayyun masu magana.

To idan haka ne, me ya sa za a damu da su?

Kaɗan daga cikinsu ba ya cutarwa, wani lokaci ma yana taimako. Wani gwaji da Martin Corley da abokan aikinsa suka yi a Birtaniya a 2007 ya nuna cewa masu saurare sun fi tuna kalmar da ta zo bayan ɗan sautin jinkiri, domin sautin yakan farkar da hankali. A Jami'ar Rochester kuma an gano a 2011 cewa yara 'yan kimanin shekara biyu da rabi, idan suka ji babba yana kame-kame kafin ya ambaci sunan abu, sukan juya ido zuwa ga abin da ba su sani ba, kamar sun fahimci cewa sabuwar kalma ce ke tafe.

Matsala tana farawa ne daga lokacin da jama'a suka daina jin abin da ake faɗa suka koma jin yadda ake faɗarsa. Kowa ya san yadda abin yake a makarantar sakandare: malami yana gaban allo yana bayanin darasi da zuciya ɗaya, ɗalibai biyu kuwa a layin baya sun buɗe bangon littafi, duk lokacin da ya ce "kun gane ko" sai ɗayan ya ja layi da biro, ɗayan kuma ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Kafin ƙarshen zango kalmar ta zama sunan malamin, darasin kuma ya tafi a banza. Manya ba sa jan layi a takarda, amma hankalinsu yana yin haka. Nicholas Christenfeld ya nuna a 1995 cewa masu sauraren da abin da ake faɗa ya kama hankalinsu da wuya su lura da "um", waɗanda suka karkata ga salon mai maganar kuwa su ne suke jin kowanne. Wannan yana nuna cewa jawabi mai ƙunshe da abu yana rufa wa mai shi asiri, jawabin da ba shi da tsoka kuma shi ke fito da kowane tuntuɓe fili.

Wace ɗabi'a ce ta fi muni a cikinsu?

A ganina, wadda take ɗora wa mai saurare laifi ita ce ta fi muni: "ka gane?", "kun fahimta?", "kana ji na ko?", idan ana jefa su a ƙarshen kowace jimla ba tare da an dakata an ji amsa ba. "Eh" tana nuna mai magana ne yake lalube, ita kuwa "ka gane?" tana nuna kamar mai saurare ne yake da nauyin kai. Idan ƙarami ya yi wa babba haka, ko ɗalibi ya yi wa malaman da ke jarraba shi wajen kare kundin digiri, ana iya ɗaukarsa rashin ladabi ko da bai yi nufin haka ba.

Wannan koke tsoho ne ƙwarai. Al-Jahiz, malamin adabin Basra wanda ya rasu a wajajen shekarar 255 bayan Hijira, ya ruwaito a littafinsa Al-Bayan wat-Tabyin cewa an tambayi mawaƙi Al-Attabi mene ne balaga, sai ya ce duk wanda ya fahimtar da kai bukatarsa ba tare da maimaici ba, ba sarƙewar harshe, ba kuma neman agaji, to shi ne mai balaga. Da aka tambaye shi me yake nufi da neman agaji, sai ya kawo misalin mutumin da yake cewa a kowace gaɓar zancensa "ya kai wannan", "saurare ni", "fahimce ni", "ba ka gane ba ne?", ya kuma kira wannan duka gazawa. Fiye da shekara dubu ke nan, kuma kalmomin da ya lissafa su ne dai muke ji a yau a bakin Hausawa.

Idan da gaske kana son ka san ko an gane, ka yi tambaya ta haƙiƙa, ka kuma dakata har a amsa.

Shin "dai", "fa", "kam", "ma", "kuwa" da "kuma" su ma a zubar da su?

Ko kusa. Nan ne wasu masu koyar da dabarun jawabi suke yin ɓarna, domin sun ɗauko ƙa'idar da aka tsara wa wani harshe suka ɗora wa Hausa. Waɗannan ƙananan kalmomi su ne ke ɗauke da nufin mai magana. "Ni zan je" bayani ne kawai. "Ni dai zan je" yana nufin ban san na wasu ba. "Ni fa zan je" gargaɗi ne. "Ni kam zan je" yana nuna na riga na yanke. "Ni ma zan je" yana nufin a haɗa da ni. Wanda ya tsame su daga jawabinsa zai fito da Hausa busasshiya irin ta takardar sanarwa da aka fassara da gaggawa. Ma'auni a nan mai sauƙi ne: ka cire kalmar daga jimlar, ka sake faɗa. Idan nufi ya canza, kalmar tana aiki, ka mayar da ita. Idan babu abin da ya canza, wuri kawai take ci.

Yaya batun "wallahi" da sauran rantsuwa?

A bakin mutane da yawa rantsuwa ta zama cike giɓi tsantsa, har ana jin "wallahi tallahi" a kan abin da babu wanda ya musa. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa ayar da ta ce Allah ba ya kama ku da yasasshiyar rantsuwa ta sauka ne a kan irin faɗin mutum "a'a wallahi" da "i wallahi" cikin zance. Amma aya ta 89 ta Suratul Ma'ida, wadda ta ɗauke wannan nauyi, ita ce kuma ta umarta da a kiyaye rantsuwa. Rashin kaffara bai mayar da abin kyakkyawar ɗabi'a ba. Ta fuskar jawabi kuwa asarar a fili take: wanda ya rantse sau goma a kan ƙananan abubuwa, idan ya zo kan babbar maganar da yake son a gaskata, ba shi da sauran abin da zai ƙarfafa ta da shi. Haka ma "a gaskiya" da "maganar Allah", domin yawansu yana sa mai saurare ya fara tunanin matsayin jimlolin da ba a lika musu ba.

Ni kuma matsalata surka Turanci ne. Ita ma tana cikin wannan?

Wani ɓangare nata yana ciki. A Najeriya za ka ji mai jawabi da Hausa yana fara kowace jimla da "so" ko "actually", a Nijar kuma "bon" da "donc" da "voilà" suke yin wannan aiki. Waɗannan ba aro ba ne irin na "mota" ko "asibiti", waɗanda suka zama Hausa tuntuni. Maganinsu ɗaya ne da na "wato". Abin da ya fi su nauyi shi ne mutum ya tsaya cak a tsakiyar jimla saboda ya san abin da Turanci ko Faransanci amma bai taɓa tunanin yadda zai faɗe shi da Hausa ba. Likita ko malamin gona da aka gayyata gidan rediyo ya kamata ya zauna tun ana gobe hirar ya rubuta manyan kalmomin fanninsa, ya yanke yadda zai bayyana kowace ga dattijuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, domin a gaban makirufo ba a ƙirƙirar fassara.

Ta yaya zan gane tawa ɗabi'ar?

Da wuya mutum ya ji nasa da kunnensa yayin da yake magana, domin hankalinsa yana kan abin da zai faɗa. Laifi tudu ne. Ka ɗauki muryarka da waya na minti uku zuwa biyar kana bayanin wani abu ba tare da takarda ba, ko kuma ka saurari saƙonnin murya da ka tura wa mutane a WhatsApp, waɗanda suka fi komai gaskiya tun da ba ka shirya musu ba. Ka rubuta minti ɗaya daga ciki kalma bayan kalma, ba tare da gyara komai ba. Yawanci za ka tarar ba kalmomi goma ba ne suke damunka, ɗaya ce ko biyu, kuma suna da wuraren da suke fitowa. Wani nasa a farkon jimla ne, wani idan zai tuno suna, wani kuma idan ya ɗaga kai suka haɗa ido da babban baƙo.

Ƙungiyar Toastmasters, wadda Ralph Smedley ya kafa a 1924 a Kalifoniya domin koyon jawabi, tana naɗa mutum ɗaya a kowane zama wanda aikinsa shi ne ƙirga irin waɗannan sautuka ya faɗa wa kowa adadinsa a ƙarshe. Ƙungiyar muhawara ta makaranta ko ajin horar da masu wa'azi za su iya yin haka ba tare da kashe ko kwabo ba, muddin an yi a wurin atisaye kuma da yardar mai magana.

Da me zan maye gurbinsu?

Da shiru. Wanda ya yi ƙoƙarin daina "wato" da ƙarfin tuwo yakan wayi gari ya koma "ma'ana" ko "ina nufin", domin giɓin yana nan, abin cikawa kawai ya sauya. Abin da ake so a koya shi ne a bar giɓin yadda yake. Idan ka kai ƙarshen jimla, ka rufe bakinka, ka ja numfashi ta hanci, ka bar jimla ta gaba ta haɗu a zuciyarka kafin ka buɗe. Rufe leɓe yana da muhimmanci, domin "eh" daga buɗaɗɗen baki take fita.

Sai kuma rage gudu da gajarta jimla. Mai jimla mai rassa uku yakan manta inda ya faro kafin ya kai ƙarshe, a nan ne kuma inda-inda take shigowa. Nana A'isha ta siffanta maganar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da cewa ba ya zuba ta a jere da sauri, yana magana ne yadda mai ƙirga zai iya ƙirga kalmominsa. Anas ɗan Malik kuma ya ce yakan maimaita kalma sau uku domin a fahimce ta. Akwai bambanci babba tsakanin irin wannan maimaici, wanda ake yi da niyya domin amfanin mai saurare, da maimaicin da mutum yake yi domin ya sami lokacin tunani.

Wanda yake son ya ji yadda shiru ke aiki ya nemi muryar Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a intanet, misali jawabinsa na Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960, lokacin da aka karɓi Najeriya. Da Turanci ne, amma ko wanda ba ya jin harshen zai ji natsuwar da yake bai wa kowace jimla, da yadda yake barin ta ta sauka kafin ya ɗauko wata. Tsohon malamin makaranta ne, kuma ba banza aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya ba.

Ba za a ɗauka na manta abin da zan faɗa ba idan na yi shiru?

Shirun daƙiƙa biyu yana yi wa mai magana tsawo ƙwarai saboda bugun zuciyarsa ya ƙaru, amma ga mai saurare hutu ne da yake bukata domin ya haɗiye abin da ya ji. Idan ka sake sauraren muryarka da ka ɗauka za ka tabbatar da haka. Abin da ke bambanta shirun natsuwa da shirun ruɗewa shi ne ido da jiki. Wanda ya yi shiru yana kallon jama'a, an san da gangan ya yi. Wanda ya yi shiru yana kallon rufi ko yana juya takardu, an san ya ɓata.

Shin in rubuta jawabin duka in karanta, ko in haddace shi?

Karantawa tana kashe kalmomin cike giɓi, amma sau da yawa tana kashe jawabin tare da su, domin kai yana sunkuye, murya kuma tana tafiya a layi ɗaya. Tana da wurinta: sanarwar hukuma, bayanin kuɗi, da duk maganar da kuskuren kalma ɗaya a cikinta zai iya jawo fitina. Hadda kuma tana da haɗarinta, domin idan kalma ɗaya ta kuɓuce sai duk abin da ke bayanta ya bi ta.

Abin da ya fi dacewa da yawancin taruka shi ne ka san maganarka sarai, ka riƙe 'yar takarda mai ɗauke da kanun batutuwa da sunaye da alƙaluma, ka kuma yi atisaye da murya a bayyane. Bitar zuci ba ta wadatarwa, domin a zuci kowace jimla daidai take fita. Wurare uku ne suka cancanci a tsara kalmominsu tun daga gida, wato jimlar farko, da jimlar ƙarshe, da mahaɗar da za ta ɗauke ka daga wannan batu zuwa wancan. A mahaɗun nan ne mafi yawan masu jawabi suke tuntuɓe.

Ban da kalmomi, waɗanne ɗabi'u ne suke ɓata jawabi a tarukanmu?

Na farko shi ne doguwar shimfiɗa. Girmama manya wajibi ne a al'adarmu, kuma babu mai hankalin da zai miƙe gaban sarki ko malamansa ya faɗa cikin magana ba sallama ba gaisuwa. Amma idan mai gabatarwa ya riga ya ambaci manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, ba dole ba ne mai jawabi na biyar ya sake jero su duka da muƙamansu. Ya gaida uban taro da shugaban taro, ya haɗa sauran cikin girmamawa ɗaya, ya shiga abin da ya kawo shi. Haka kuma buɗewa da ban haƙuri, irin "ni dai ba gwanin magana ba ne" ko "ban shirya ba aka ce in yi magana". Ana yin haka da niyyar tawali'u, amma sakamakonsa shi ne jama'a su fara neman kuskuren da aka yi musu alkawari.

Sai alkawarin da ba a cikawa: "a taƙaice", "ba zan ja ku da nisa ba", "daga ƙarshe". Da zarar an ji "daga ƙarshe" hankalin mutane yakan fara tattara kayansa, saboda haka duk abin da aka faɗa bayan "daga ƙarshe" ta biyu da ta uku ba ya samun mai ɗauka. Muslim ya ruwaito daga Ammar ɗan Yasir hadisin da ke nuna cewa tsawaita salla da gajarta huɗuba alama ce ta fahimtar mutum. Akwai kuma ɗabi'un jiki da na murya, kamar yawan gyaran murya, da bubbuga makirufo ko hura shi, da gyara hula ko mayafi a kowane minti, da haɗiye ƙarshen jimla har na baya ba sa jin kalmar da ta fi muhimmanci. Waɗannan sai hoton bidiyo ne yake nuna wa mutum su.

Idan ɗan jarida ya jefo mini tambayar ba-zata fa?

Ka saurare shi har ya kai aya, kada ka fara haɗa amsa tun yana tsakiyar tambaya. Ka dakata numfashi ɗaya, sannan ka fara da amsar kanta, bayani ya biyo baya. Kwatanta wanda aka tambaya yaushe za a gyara rijiyar burtsatse ya ce "Eh, to, wato, a gaskiya, abin da nake so in ce shi ne", da wanda ya ce "Ranar Litinin za a fara, kuɗin ya riga ya fito." Na farko ya kashe fiye da kalma goma bai ce komai ba, kuma mai saurare ya riga ya fara zargin akwai abin da ake ɓoyewa. Idan ba ka da amsar, "ba ni da wannan adadi a hannu, zan bincika" ta fi kowace kwana-kwana mutunci.

In'ina fa, ita ma ɗabi'a ce da za a iya bari?

A'a, kuma haɗa su wuri ɗaya zalunci ne. In'ina lalura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa furuci, gado yana da hannu a cikinta, kuma ba tsoro ko rashin tarbiyya ke kawo ta ba. Takan fara ne yawanci tsakanin shekara 2 zuwa 5. Kimanin yaro 5 cikin 100 sukan yi ta na wani lokaci, mafi yawansu kuma ta bar su, amma takan zauna wa kimanin mutum 1 cikin 100 har girma, kuma ta fi yawa ga maza. Mai in'ina ya san kalmar da yake son faɗa sarai, fitar da ita ne yake masa wuya. Wasunsu sukan yi amfani da "eh" ko "wato" a matsayin matakalar hawa kalma mai wuya, saboda haka ƙirga musu irin waɗannan sautuka ƙara musu nauyi ne kawai.

Sarkin Ingila Joji na Shida yana da in'ina, ya fara aiki da Lionel Logue, mai gyaran furuci ɗan Ostireliya, a 1926, kuma shi ne ya yi wa al'ummarsa jawabi ta rediyo ranar 3 ga Satumba, 1939, da aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Addu'ar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa 28, wadda malamanmu da yawa suke buɗe karatu da ita, tana roƙon a warware ƙulli daga harshe, kuma dalilin da ta ambata shi ne domin su fahimci maganata. Abin da ke kan mai saurare shi ne ya jira, ya ci gaba da kallon mai maganar yadda ya saba, kada ya ƙarasa masa jimla, kada kuma ya ce masa "yi a hankali". Wanda abin ya dame shi ko ya dami ɗansa ya nemi ƙwararren mai gyaran furuci ta hannun babban asibiti.

Yaya zan gyara wa ɗalibina ko abokin aikina ba tare da na karya masa gwiwa ba?

Kada a yi a gaban jama'a, kada kuma a yi gab da zai hau mumbari, domin mutumin da aka cusa wa tunanin "wato" minti biyar kafin jawabi zai hau yana gadin bakinsa, ya manta abin da ya zo faɗa. A jira bayan taro, a keɓe, a fara da abin da ya faɗa mai amfani, sannan a ambaci ɗabi'a ɗaya tak, wadda ta fi yawa. Idan ya amince, a ɗauki muryarsa ya saurara da kansa, domin abin da kunnensa ya ji ya fi abin da za a gaya masa tasiri. Ya fara gwada shirun a wuraren da babu fargaba, kamar hirar gida da saƙon murya, kafin ya kai shi gaban taro, kuma a sa ran makonni ko watanni, tun da sabo ne na shekaru ake son sauyawa.

Game da yara kuwa, a yi hattara sosai. Yaron firamare da ya miƙe a aji yana kame-kame yana koyon abu biyu ne a lokaci ɗaya, tsara tunani da jure idon mutane. Idan malami ya katse shi a kan kowace "eh", ko ya bar aji ya yi masa dariya, abin da zai koya shi ne kada ya sake ɗaga hannu. A bar shi ya kai ƙarshen maganarsa, a yi masa tambaya a kan abin da ya faɗa, a kuma yawaita ba shi damar ba da labari da karatu a bayyane da muhawara. Gyaran kalmomin cike giɓi ya jira sai ya kai sakandare, lokacin da ya riga ya saba da tsayuwa gaban mutane.